Yadda ake koyarwa da faifan CD a aji, ko babu intanet

Assalamu alaikum malamai ƴan uwana, na cikin garin Tawa da na ƙauyukan kewaye. Ran nan ina fitowa daga aji da ƴar jakar faifaina a hannu wani abokin aiki ya tsaida ni, ya ce Malam, wai har yanzu akwai mai aiki da sede? Na ce mishi akwai, ga ni gabanka. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda nike yi daki daki, ko Allah shi sa wani shi amfana, musamman ku da anka tura lakwal ɗin da ko rezo na kira sai an hau tudu.

Abin da ya maida ni ga faifai takaici ne. Bara waccan na tara darussan wata 3 cikin kile guda, wato ɗan abin ajiya na USB, da hotuna da bidiyo da tsoffin tambayoyin jarabawar BEPC da na sha wahala kahin in same su, sai na kai kilen wani siber don in buga takarda shafi 2 kacal. Da na dawo na soka shi ga ordinatar, duk dosiyena sun koma rakursi, wannan birus ɗin da kowa ya sani, ka danna abu ya ƙi buɗewa. Wallahi ranar ko tuwon dare ban iya ci ba. Tun daga nan na raba musu aiki, kile na ɗauko kaya ne, faifai na ajiya da koyarwa.

Dalili kuwa shi ne faifan CD-R in an zuba mishi kaya an rufe shi, to ya rufu ke nan, babu mai ƙara ko goge ko harafi ɗaya a ciki. Ka sa shi cikin ordinatar da birus ya yi wa katutu, ka fidda abinka lahiya lau, don birus ɗin bai da inda za shi rubuta kanshi. Yaro ma ba shi iya share maka darasi bisa kuskure. Ba shi cin mega, ba ruwanshi da koneksiyon ta yi ko ba ta yi ba, kuma kuɗinshi bai taka kara ya karya ba, in ya ɓace ba a zaman makoki kamar an sace waya. Faɗinshi santimita 12 ne, shina ɗaukar mega 700, wasu tsoffi 650. Kamfanin Philips na Holand da Sony na Japan sunka haɗu sunka fito da shi, na waƙa ya shigo kasuwa a 1982, na ordinatar kuma ya biyo baya ƴan shekaru kaɗan. Waɗanda sunka yi karatu wajen 2000 za su tuna Encarta, wancan kundin sani na Microsoft da ya fara a 1993 anka daina shi a 2009, da yawanmu ta cikinshi munka fara ganin yadda dutse mai aman wuta ke amai. Ko koyarwa da hoto mai motsi ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, tun 1964 anka fara gwada talabijin ɗin lakwal a Yamai, iyayenmu na da labarinta.

To ga yadda ake.

Abu na farko, duba injin da ke hannunka tun kahin ka kashe ko dala. Ordinatar ɗin teburi na da, waɗanda ke jibge a ofis ɗin direktar an lulluɓe da zane, kusan dukkansu suna da wurin sa faifai. Danna ɗan maɓallin ka gani ko tiren zai fito. In ya maƙale, akwai wani ɗan rami ƙarami kamar na allura kusa da maɓallin, miƙe ƙarfen maƙale takarda ka tura a hankali, zai turo kanshi. Sabbin na hannu kam yawancinsu an cire musu wurin, sai ka nemi lektar, wato injin karanta faifai, na waje mai igiyar USB, ana samu wurin masu saida kayan ordinatar, kuma guda ɗaya ya ishi lakwal gaba ɗaya. Wannan irin sayayya ce da ya kamata a kai gaban kojes, wato kwamitin kula da lakwal, kada malam shi ɗora wa albashinshi. Ka duba ko lektar ɗin na girabe, wato zuba kaya bisa faifai, ko karatu kawai shike yi, in ka ga an rubuta RW a goshinshi to shina girabe. Sannan maganar kuran. Kun san yadda watan Afrilu da Mayu suke a nan, zafi ya wuce digiri 40 wuta kuma tana zuwa tana tahiya, don haka in da hali ordinatar na hannu mai batir mai rai ya fi, ka cika shi tun da dare. In na teburi ne, a nema mishi ondilar, wato akwatin batir da ke riƙe inji ɗan lokaci in wuta ta ɗauke.

Na biyu shi ne zaɓen abin da za ka zuba, kuma nan ne mutane da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle. Kada ka fara da tambayar mi zan samu, fara da buɗe program ɗinka na shekara ka sa alama ga darussan da kullum ke ba ka wuya da alli da tablo kaɗai. Kowa ya san nashi. Ni nawa su ne zagayen wutar lantarki, da yadda ruwa ke komawa ƙanƙara ko tururi, da juyawar duniya. Waɗannan abubuwa ne masu motsi, kai kuma zanenka a tablo tsaye shike, duk iya bayaninka yaro na gyaɗa kai ne kawai don ladabi. Irin su za ka nemo wa kaya. Darasin da alli ya ishe shi, bar shi da allinshi.

Kayan kyauta na nan da yawa, sai dai ka samu rana guda ka zauna inda koneksiyon ke da ƙarfi ka sauke su gaba ɗaya. Ga masu kimiyya akwai PhET na jami'ar Kolorado ta Amurka, wanda wani malamin fizik mai lambar Nobel, Carl Wieman, ya kafa a 2002. Ƙananan gwaje-gwaje ne da yaro ke taɓawa da hannunshi, akwai su da Faransanci, kowane ɗaya ana sauke shi shi kaɗai kuma shina buɗewa ba tare da intanet ba. Masu lissahi ku nemi GeoGebra, ka ja kusurwar alwatika da suri, wato ɗan ɓeran ordinatar, yara na kallo, kusurwoyin na canzawa amma jimlarsu na nan 180 ba ta motsi. Ƴan firamare akwai GCompris, an yi shi don yara daga shekara 2 zuwa 10, da ƙirga da haruffa da koyon riƙe suri. Akwai Kiwix da ke buɗe kundin sani ba intanet, amma ku sani Wikipedia ta Faransanci cikakkiya ta fi ƙarfin faifai nesa ba kusa ba, sai dai ƙananan tarin da anka ware fanni fanni, don haka duba girman abu kahin ka sauke. Wanda na fi so a raina shi ne Stellarium, ka sa mishi Tawa ka sa kwanan wata, shi nuna maka samaniyar daren nan kamar kana kwance a tsakar gida. Ranar da na nuna wa yara Kaza da ƴaƴanta da Zara a bango na ce su duba da dare, washegari tun kahin in aje jakata sunka kewaye ni, Mushe mun gani, Mushe wallahi tana wurin da ka ce.

Masu koyar da harshe ku kuma taku garaɓasar ta fi ta kowa. In ka yi faifai irin na rediyon mota minti 80 kawai za shi ɗauka, amma in ka zuba sauti a MP3, kusan mega ɗaya ne kowane minti, ka ga faifai guda na iya cin sama da awa 10. Kuma ba dole sai abin da anka yi waje ba. Ɗauki wayarka ka je wurin tsohuwa ta yi maka tatsuniya, ko dattijo shi ba ka labarin Adar da bakinshi, ka nemi izninsu, ka zuba. Ka ɗauki hoton albasar Galmi tun daga iri har buhu, ko aikin tare ruwa da dashen itace na Keita, darasin labarin ƙasa ya samu ke nan da abin da yaro ya sani. Abu ɗaya dai, faifan da wani kamfani ke saidawa kada ka kama kwafa kana rabawa, haƙƙin mutane ne, na kyautan ma sun ishe mu.

Na uku, girabe. Buɗe dosiye guda a ordinatar ka shirya komi ciki tukuna, aji aji, darasi darasi, da suna gajere mai lamba a gaba, kamar 01 lantarki, 02 ruwa, don su jeru yadda kake so. Ka haɗa da VLC, manhajar kunna bidiyo, a ciki, don sau da yawa za ka je wata lakwal ka tarar injinsu ba shi buɗe bidiyo. Duba nauyin dosiyen, kada shi wuce mega 680 haka, bar ɗan wuri. In kayanka bidiyo ne masu yawa sayi DVD, shi giga 4.7 shike ɗauka, wajen faifan CD 6 ke nan, aikin duk iri ɗaya ne in dai lektar ɗin na karanta DVD.

Yanzu ga wurin da nike so ku buɗe kunne. Kahin ka girabe, bi dosiyen nan da antibirus mai sabon sabuntawa. Rufuwar da ke hana birus shiga ita ce kuma ke hana shi fita, in ka rufe faifai da shi a ciki ka zama mai raba cuta lakwal lakwal kuma babu magani sai karya faifan.

Sa sabon CD-R, Windows zai tambaye ka yadda kake son amfani da shi, zaɓi biyu ne. Kada ka ɗauki na sama mai cewa kamar kile, ɗauki na ƙasa, “Avec un lecteur de CD/DVD”, shi ne ke rufe faifai kuma kusan kowane inji na karanta shi. Jawo kayanka ka zuba, ka danna girabe. In ya tambayi gudu kada ka bi 48 ko 52, sauko wajen 16 ko ƙasa da haka, ƴan mintoci ne za su ƙaru amma rubutun ya fi kamawa kuma tsoffin lektar sun fi jin daɗin karanta shi. Lokacin da shike aiki kada ka buɗe wani abu, kada ka girgiza teburi, kuma kada ka fara in ka ga alamar wuta na rawa, don in ta ɗauke a tsakiya faifan ya tashi aiki. Akwai CD-RW da ake gogewa a sake, shina da kyau wurin gwaji, amma na aji CD-R nike so saboda wannan rufuwar. Yi guda 2 ko da yaushe, uwa da ɗiya, uwar ta zauna cikin akwati ba mai taɓa ta, ɗiyar ta shiga aji. Rubuta suna da shekara a samanshi da marka mai laushi. Ban da biro, don kayan da ke ciki suna kwance ne dab da wannan gefen da ake rubutu, in bakin biro ya karce nan ya fi karcewar ƙasa illa.

Na huɗu gajere ne amma kada ka tsallake shi. Gwada faifan a ainihin injin da za ka yi darasi da shi, kwana ɗaya kahin ranar. Kalli bidiyon daga farko har ƙarshe da kaye a hannu, rubuta minti kaza zan tsaya, ga tambayar da zan yi. In ka ga bidiyo na sarƙewa, kwafe shi bisa ordinatar ka kunna daga can.

Na biyar, shirya ajin. In lakwal na da projektar, alhamdu lillahi, farin bango ya isa, in bangon ya yi dauɗa a rataya farin zane ko a juya bayan babbar taswira. Rufe tagogin gefen rana amma bar na baya a buɗe, don yara 70 da wani abu cikin ɗaki rufe a wannan zafi namu, minti 10 sun fara gyangyaɗi. Darasin sahe ya fi, kahin rana ta take. Nemi ɗan bafil, lasifikar ordinatar ba ta wuce benci na 2. In ajinka rumfar zana ce, haske na shigowa ta ko'ina, roƙi abokin aiki mai ɗakin siminti ku yi musanya na awa ɗaya, ka gaya wa direktar tun da wuri.

In babu projektar, wanda shi ne halin yawancinmu, kada ka ce abin ya gagara. Ɗora ordinatar bisa teburi, ɗora teburin inda ƴan baya za su hango, ka raba aji ƙungiya ƙungiya ta mutum 8 ko 10. Ƙungiya guda na gaban ekran minti 6 ko 7, sauran na bencinsu suna aikin da ka rubuta a tablo kan darasin nan dai, sai a juya. Ranar farko za a yi hayaniya da ture-ture, kada ka karaya, zuwa karo na 3 su da kansu ke tashi bi da bi.

Na shida shi ne darasin kanshi, kuma bari in ba ku yadda na yi na lantarki don a gani a fili. Ban kunna komi ba da farko. Na zana pil da ƙwan fitila da waya a tablo, na ce wa ya san abin da zai faru in na ƙara ƙwai na biyu a jere da na farko, haske zai ƙaru ko zai ragu? Na ce kowa shi rubuta amsarshi cikin kaye, ba ɗaga hannu, don in an ɗaga hannu kowa bin ɗan gaban aji shike yi. Mafi yawa sunka rubuta zai ƙaru, ai ƙwai biyu sun fi ɗaya. Sannan na buɗe gwajin PhET, na kira wata yarinya daga can benci na baya, irin masu shirun nan da sai ka yi wata ba ka ji muryarsu ba. Hannunta na rawa bisa suri, na ce ɗiyata kwantar da hankalinki, babu abin da za ki ɓata, faifan nan ko ni ban iya ɓata shi. Ta jawo pil, ta jawo waya, ta haɗa ƙwai, ya kama. Ta ƙara na biyu a jere, sai duka biyun sunka dushe. Ajin ya yi tsit, can wani ya ce kai! Nan na tsaida komi na ce to, don mi? Munka yi kusan minti 10 muna gardama, ekran na tsaye ba mai taɓa shi. Daga baya na sa wani yaro ya cire ƙwai ɗaya, ɗayan ma ya mutu, sannan munka sake haɗa su kowane da hanyarshi, aka cire ɗaya ɗayan na nan da haskenshi. Na ce a gidajenku in ƙwan zaure ya ƙone na ɗaki na mutuwa? Sunka ce a'a Mushe. Na ce to wace haɗawa ce a gidanku? Su sunka ba ni amsa, ban faɗa musu ba.

Ku lura, cikin awa guda injin bai yi aikin minti 15 ba. Sauran duk tambaya ce da gardama da rubutu. Abin da ke ɓata mini rai shi ne in ga malam ya kunna bidiyon minti 40 ya koma bakin ƙofa shina latsa waya, yara sun yi kallo kamar gidan kallon ƙwallo, an tashi ba wanda ya rubuta layi ɗaya. Kada bidiyo shi wuce minti 4 ko 5 ba ka tsaida shi ka yi tambaya ba. Kuma a ƙarshe dole a koma ga kaye, a zana abin da anka gani, a rubuta taƙaitawa, don ranar jarabawa babu ekran a gaban yaro, abin da hannunshi ya rubuta shi za shi tuna. Sati na gaba in ka samu pil na gaske da ƙwan tocila da guntun waya, kawo su a sake yi da hannu, faifan share fage ne ya yi maka.

Wajen ba yara suri kuma a yi adalci. In ka bar abin haka nan, yara maza 3 ko 4 da ke da ordinatar a gida su za su mamaye wurin kullum. Ni ina da takarda da nike sa alama ga duk wanda ya taɓa, mace da namiji bi da bi, har kowa shi samu kahin ƙarshen wata 3. Kuma kullum ka shigo da shirin ko-ta-kwana, zanen na cikin kayenka, allinka na aljihu, in wuta ta ɗauke ka ci gaba ba tare da ka tsaya kana jiran ta ba.

Na bakwai, ajiya, don ƙurar hunturu da zafin bazara su ne manyan abokan gabar faifai a nan. Riƙe shi ta baki ko ta ramin tsakiya, ban da ɗora yatsa bisa gefen mai ƙyalli. Da ka gama maida shi cikin gidanshi, a jera su tsaye kamar littattafai cikin akwati mai murfi, a inuwa. Kada ka bar shi kan taga, ko cikin akwatin babur da ke shanye a rana, zafi na lanƙwasa shi kuma hasken rana na cin sinadarin da rubutun CD-R ke kai. In ya yi ƙura hura tukuna, sannan ka share da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, miƙe, kada ka bi zagaye, don rubutun a zagaye shike tahiya kuma karce mai bin zagaye shi ke cinye layi mai tsawo. In maiƙo ne, ɗan ruwa da sabulu kaɗan, ka bari shi bushe sarai kahin ka sa. Shi ma injin a rufe shi da zane in an gama.

Ku buɗe ɗan kaye na aro a ofis, sunan faifai, wanda ya ɗauka, ranar ɗauka da ranar maidowa. Ɗiya kawai ake ba da aro, uwa ba ta fita. Duk farkon shekarar karatu ina zama in gwada uwayen ɗaya bayan ɗaya, wanda na ji lektar na wahala da shi, shina ƙugi shina daɗewa kahin shi buɗe, a ranar nike kwafe kayan in girabe sabo in rubuta sabuwar shekara a kai. In kuma kun haɗu wurin taron malamai na yanki, kowa shi zo da faifai 2 ko 3 marasa komi da nashi mai kaya, mai lissahi shi ba mai kimiyya, na Buza shi ba na Illela, lektar guda ya isa a yi wa kowa kahin a tashi sallar la'asar.